Malam Aminu Kano da Wasan Kwaikwayo a Makarantar Midil

Wanda ya bi hanyar Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni zai ga babban asibitin da aka sa wa sunan Malam Aminu Kano. Da siyasa aka fi tunawa da shi, amma tun fari malamin makaranta ne. Da ya fito Kwalejin Kaduna a 1942, sai ya kama koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya riƙa sa yara wasan kwaikwayo.

Hikimar abin ita ce, yaron da ba ya iya ɗaga ido gaban hakimi, in aka naɗa masa rawani ya zama hakimin, sai ya gane yadda mai iko ke danne talaka, 'yan kallo ma su gani. Lalle dabarar ba ta rasa haɗari ba, gama makarantar ta En'e ce, manyan En'e kuwa su ake kwaikwaya.