Daga Benis Zuwa Kwatarkwashi: Yaushe Za A Ga Tsofaffin Garuruwan Zamfara A Fim?

DUK wanda ya saba zama a gidajen kallo na Gusau ya san yadda matasa ke yi idan aka saka fim ɗin Turawa mai siddabarun kwamfuta. Wani zai ce, "Kai, wannan ƙarya ce!" amma ba zai tashi daga benci ba sai an rubuta sunaye. Irin waɗannan finafinai su ake kira finafinan almarar kimiyya, wato labarin da aka gina a kan wata na'ura ko wani bincike da bai wanzu ba tukuna. Akwai kuma wani gari guda da masu shirya su suka maida tamkar lokeshin ɗin gado: Benis ta ƙasar Italiya.

Benis dai tsohon birni ne da ke zaune a kan tsibirai 118, ga gadoji sama da 400. A tsakiyarsa babu titin mota. Hanyoyin ruwa ne suka ratsa unguwanni, kwalekwale shi ne tasi, shi ne kuma motar kai amarya.

Tun a 1979 aka fara wasa da hankalin 'yan kallo a fim ɗin 'Moonraker', inda Roger Moore ya fito a James Bond. Ana bin sa cikin ruwa, sai kwalekwalensa ya rikiɗe, ya hau tudu, ya ratsa babban dandalin garin mutane na darewa. Daga bisani labarin ya ƙare a sararin samaniya.

A 2003 aka saki 'The League of Extraordinary Gentlemen' na Sean Connery. Masu kallon finafinan Indiya ba za su manta da shi ba, domin Naseeruddin Shah, wanda aka sani a 'Tridev' da 'Mohra', shi ne ya fito a Kyaftin Nemo, mai ƙaton jirgin nan da ke tafiya a ƙarƙashin teku. An nuna jirgin ya kutsa lungunan Benis a shekarar 1899, alhali ruwan lungunan bai da zurfin ɗaukar ko rabinsa. Wani abin mamaki, Benis ɗin ma ta bogi ce, a birnin Furag na ƙasar Cek aka gina ta. Ana cikin aikin sai ambaliyar watan Agustan 2002 ta afka wa birnin, ta lalata kayan aikinsu.

Sai kuma 'Spider-Man: Far From Home' na 2019, inda wani dodon ruwa ya taso yana rusa gine-gine. Ashe ba dodo ba ne, ƙananan jirage marasa matuƙi ne mugun fim ɗin ya haɗa da hasken majigi don ya yaudari jama'a. Watanni kaɗan da fitowarsa, a Nuwambar 2019, ruwan gaske ya mamaye Benis har ya kai tsayin santimita 187, wanda rabon da a ga irinsa tun 1966.

To, mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada? Ai a nan darasin yake. Abin da ya sa waɗannan finafinai ke kama zuciya shi ne an ɗauki garin da kowa ya sani, mai tarihi, wanda kuma mutanensa ke kwana da fargabar ruwa zai cinye shi, sannan aka ɗora almara a kan wannan fargabar. Kwamfuta ado ce kawai, garin shi ne jarumin.

Idan haka ne kuwa, Zamfara ba ta rasa irin waɗannan wurare ba. Gusau kanta a bakin Gulbin Sakkwato take, kuma mutanenta sun san ɓarnar ruwa. A ƙarshen Satumbar 2006 madatsar ruwan garin ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, aka yi asarar ɗaruruwan gidaje. Marubucin da zai zauna ya hasko Gusau ta shekara ɗari nan gaba, gulbi ya ratsa Sabon Gari da Tudun Wada, jirgin ƙasan garin ya koma tafiya bisa ruwa, ba zai sha wahalar jawo hankalin 'yan kallo ba.

A ƙaramar hukumar Bunguɗu ga dutsen Kwatarkwashi, wanda duk matafiyi a hanyar Gusau zuwa Funtuwa sai ya ɗaga kai ya dube shi. A da mutane a kansa suke zaune, ga tarihin bikin kamun maiki. A ƙasar Tsafe kuma ga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ɗalibai suka riƙa yi wa tsinke daga nesa, kafin yaƙin jihadi ya ci shi a farkon ƙarni na 19. A ce wani ɗalibin kimiyya ya ƙera na'urar da ta maida shi 'Yandoto ta wancan zamani, ya zauna gaban malamanta da allonsa, wa zai ƙi sayen wannan fim?

Kada wani furodusa ya ce wai Bahaushe bai san irin wannan labari ba. Tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da littafin 'Tauraruwa Mai Wutsiya', labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya kai shi yawon sararin samaniya. Ɗalibai da dama sun karanta shi a makaranta, tun kafin a yi 'Turmin Danya' a Kano a 1990.

Gaskiya ne akwai matsaloli. Na farko kuɗi, domin jarin fim ɗin Turawa guda ya isa a shirya ɗaruruwan finafinan Hausa. Na biyu tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun sa ba kowane darakta ne zai kwashi 'yan wasa da kyamara ya nufi ƙauyukan Tsafe ko Bunguɗu ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai a tuna, masu fim ɗin Kyaftin Nemo ma ba a Benis suka yi aikinsu ba. Da hotunan wurin, da bayanin dattawa, da edita wanda ya san kwamfuta, ana iya tada 'Yandoto a cikin ɗaki guda a Gusau.

Abin gudun shi ne jinkiri. Dattawan da suka riƙe tarihin nan suna ta tafiya, kufai na shafewa, yaran da aka haifa a gudun hijira kuma ba su san garuruwan iyayensu ba sai a baki. An daɗe ana nuna falo da lambu da rawa a gindin fulawa. Saura a ga furodusan da zai fara juya kyamararsa wajen dutse da gulbi. Allah ya kawo zaman lafiya a Zamfara, amin.