Shin Da Gaske A Asibiti Yanke Hannun Yaro Ake Yi Idan Ya Karye?

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, daga zauren dangi zuwa na iyayen yara 'yan makaranta. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma har rantsuwa ya yi cewa duk yaron da ya karye aka kai shi asibiti, to a shirya ganinsa da dungu. Shawararsa ita ce a wuce da yaro wurin mai ɗori, a ɗaure wurin tamau, kuma ko zai kwana yana ihu kada a kwance, wai zafin alama ce ta ƙashi yana kamawa. Ya ƙara da cewa hoton ƙashi yana shanye ɓargo, simintin asibiti yana busar da hannu, ƙarfen da ake sawa kuma sai kabari.

Ƙananan maganganun ba sa buƙatar dogon bayani. Hoton ƙashi ba ya shanye ɓargon kowa. Hannun da aka cire wa siminti yakan ɗan rame don ya daɗe bai yi aiki ba, kuma yana murmurewa da yaro ya koma wasa. Siraran ƙarafan da ake sa wa yara a gwiwar hannu kuwa zare su ake yi, galibi bayan mako 3 zuwa 4.

Akwai inda saƙon ya taɓo gaskiya. Ƙashin yaro yana saurin haɗewa fiye da na babba. Karayar dantse a ƙaramin yaro takan warke cikin mako 4 zuwa 6. Shi ya sa kusan kowane gida akwai wanda aka yi wa ɗori ya tashi garau. Asibiti kuma akwai nisa, ga layi, ga kuɗin hoto da na magani. Uwar da ta ruga da ɗanta wurin mai ɗorin unguwa, wanda ya ɗora kakanta ya ɗora mahaifinta, ba ta yi don ƙiyayya ba. Ban ga laifinta ba. Laifin yana kan wanda ya zauna ya naɗi murya yana cewa kada a kwance ɗauri ko yaro na ihu, domin wannan maganar ita ce ke raba yara da hannuwansu.

Ga abin da ke faruwa. Idan ƙashi ya karye, wurin yana ci gaba da kumbura a kwanakin farko. In an jera karare kewaye da hannun aka zagaye da tsumma aka ɗaure, kumburin ba shi da inda zai tafi, sai ya danne jijiyoyin jini daga ciki, kamar an taka tiyon ban-ruwa. Tsokar da jini ya daina isa gare ta tana fara mutuwa cikin kimanin awa 6, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Zafin da yaron ke ihu a kansa na tsokar da ke neman jini ne. Idan daga baya ya yi tsit, iyaye suka ce alhamdulillahi sauƙi ya samu, mai yiwuwa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka mutu. Sai yatsu su yi sanyi, fata ta yi bororo, launi ya koma baƙi, wari ya biyo baya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1881 wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda matsattsen ɗauri ke kashe tsokar dantse har yatsu su ƙanƙame su kasa miƙewa. Simintin asibiti ma in ya matse haka zai yi. Dalilin ke nan da likita yakan fara sa rabin siminti, ya bar wa kumburi wuri, ya ce a riƙa duba yatsu. Haɗarin ya fi yawa a karayar da ke saman gwiwar hannu, wadda yara 'yan shekara 5 zuwa 7 suka fi samu idan suka faɗo daga bishiya ko katanga suka tokare da tafin hannu. Babbar jijiyar jini a gaban wurin take bi, bakin ƙashin da ya karye yana iya danne ta tun kafin a ɗaure komai. Ja da murɗa ba tare da hoto ba ƙara ɓarna ne.

To ina maganar yankewa ta samo asali? Gaskiya ne ana yanke hannun yara a asibiti. Likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Maiduguri sun rubuta rahotanni da ke nuna cewa ruɓewar da matsattsen ɗorin gargajiya ke jawowa tana cikin manyan dalilan yanke gaɓoɓin yara a wurinsu. Ana kawo yaron ne bayan hannu ya riga ya mutu, likita ya yanke don kada gubar ta bi jini ta kashe shi. Maƙwabta su ga ya dawo da dungu, a ce asibiti ne. Karayar da aka kai da wuri, wadda ba mota ko inji ne ya ragargaza gaɓar ba, da wuya ƙwarai ta kai ga yankewa. Ba kowane ɗori ne ke ƙarewa da ruɓewa ba, amma babu mai iya gane wace karaya ce mai haɗari da shafar hannu kawai.

Idan yaronki ya karye, 'yar'uwa, kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A tallafi wurin da kwali, a naɗe da ɗankwali sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga, a bar yatsun a waje. In akwai rauni, a rufe da tsumma mai tsabta. A dakata da ba shi abinci, don ana iya buƙatar yi masa allurar barci. A nufi asibiti mafi kusa mai ɗaukar hoto. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

In kuma an riga an ɗaure, ko wurin mai ɗori ko a asibiti, sai kuka ga zafi na ƙaruwa, yaro na tsala ihu in an miƙe masa yatsa, ko yatsun sun yi sanyi, sun sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin gida nan take, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye.

Ku da saƙon nan ya shigo wayarku, don Allah kada ku tura shi gaba. Wanda ya turo muku kuma ku mayar masa da amsa: ɗaurin da yaro ke ihu a cikinsa kwance shi ake yi.