Koyon kwamfuta ta hanyar aiki: me ke hana shi kankama a jami'o'in Najeriya?

A yawancin jami'o'in Najeriya, ɗalibin kimiyyar kwamfuta kan shafe shekaru uku tsakanin lacca da jarrabawar takarda, sai a ajin ƙarshe a ce ya gina manhaja. Sau da yawa rayuwar manhajar kan ƙare ranar da ya kare aikin a gaban malamai. A ɗaure takardun da kwali, a jibge a ofis, shi ke nan.

Koyo ta hanyar aiki ya sha bamban da haka. Tun daga ajin farko ake miƙa wa rukunin ɗalibai matsala ta gaske, su zauna da masu ita, su gina manhaja, ta ƙi aiki, su gyara. Jami'ar Aalborg ta Denmark na kan wannan turba tun kafuwarta a 1974, kuma aikin rukuni ne ke cin kusan rabin karatun.

Ƙofar a buɗe take a nan ma. Tsarin karatun CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta.

Matsalolin kuwa ba sai an nemo su daga nesa ba. Mazaɓar Kwanyawa na cikin ƙaramar hukumar Karaye, inda madatsar ruwan Challawa take. Manomin Karaye ko Rogo yana son sanin farashin hatsi kafin ya biya kuɗin mota zuwa kasuwa, ƙungiyarsa kuma tana buƙatar lissafin wanda ya karɓi taki bashi. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Aliko Dangote da ke Wudil da ya ɗauki wannan aiki zai ci karo da tambayoyin da jarrabawa ba ta yi: manhajar za ta yi aiki idan sabis ya ɗauke? A ƙaramar waya fa? Wanda ba ya karanta boko, saƙon murya za a tura masa? Amsa su na tilasta masa sake tsara rumbun bayanansa tun daga tushe.

Cikas ɗin shi ne kuɗi da lokaci. Zuwa Karaye daga Kano, data da wutar caji duk daga aljihun ɗalibi suke fita, malami ɗaya kuma na duba ayyukan ɗalibai da yawa. Akwai kuma batun maki: sai an binciki kowane ɗalibi baki da baki kafin a gane wanda ya rubuta manhajar da wanda sunansa kawai ke kan bango.