Murar da Ta Ƙi Tafiya: Me Ke Faruwa a Kogunan Fuska?

A hunturun bara, ana saura mako biyu jarrabawa, mura ta kama ni. Na ɗauka irin wadda aka saba ce. Sai ga shi kwana goma sha biyu hancina a toshe, kumatuna sun yi nauyi, in na sunkuya ɗaura igiyar takalmi ko na yi sujada sai in ji kamar fuskata za ta faɗo. Har haƙorana na sama ciwo suke. Na sha kafso kala-kala daga kemis, ba sauƙi. Da na je asibiti likita ya danna min ƙasan ido, na ce wash, ya ce: "Malam, sainos ɗinka ne ya kumbura." To daga nan ne na fara bin diddigin abin.

Ashe ƙasusuwan fuskarmu ba cike suke dam ba. Akwai koguna masu iska a cikinsu, iri huɗu, kowane iri dama da hagu. Akwai na kumatu, su ne mafi girma. Akwai na goshi, sama da gira. Akwai wasu ƙanana tsakanin idanu masu kama da saƙar zuma, sannan akwai na can ciki bayan hanci. Waɗannan kogunan su ake kira sainos. Suna rage wa ƙoƙon kai nauyi, kuma kowannensu yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci.

Bangonsu kullum yana fitar da majina mai ruwa-ruwa da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Wasu 'yan gasu da ido ba ya iya gani su ke share ta zuwa ƙofa, ta gangara maƙogwaro mu haɗiye ba mu sani ba. Na kumatu kuwa ƙofarsa a sama take, don haka sai an tura majinar sama kafin ta fita. Shi ya sa ya fi saurin cushewa.

Matsala tana farawa ne in cikin hanci ya kumbura ya toshe ƙofofin nan. Majina ta taru ba mafita, sai nauyin fuska, ciwon kai, rashin jin ƙamshi, wani lokaci da warin baki. Mura ce kan gaba wajen jawo wannan. Sai ƙurar hunturu, hayaƙin sigari da na janareto, maganin sauro na ƙonawa a ɗaki rufe, da rashin jituwar jikin wasu da ƙura ko turare. Ruɓaɓɓen haƙorin sama na can ciki ma yana iya harba kogon kumatu, don saiwarsa dab take da shi.

Ga inda da yawanmu ke kuskure. Mafi yawan kumburin sainos bairas ne ke kawo shi, kuma antibayotik ba ya kashe bairas. Yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Majina ta koma ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta shan kafso. Likita yakan yi zargin bakteriya ne in an wuce kwana 10 ba sauƙi, ko an fara warkewa ciwon ya dawo da ƙarfi, ko akwai zazzaɓi mai zafi. In kuma ya kai mako 12, ya zama daɗaɗɗe, sai an duba ko tsiro ne a hanci ko karkatar guringuntsin tsakiya.

A ɗaki fa? Sha ruwa sosai, a huta. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi ɗaya a riƙa shaƙa ana fyacewa. Sirace yana ɗan sassauta wa wasu, amma a kula da ƙuna. Farasitamol na rage ciwo. Maganin fesawa mai buɗe hanci nan take kuwa kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, in ba haka ba hancin zai ƙara toshewa da zarar an daina. Ranar da hazo ya sauko, takunkumi ba abin kunya ba ne.

Amma don Allah, in ido ya kumbura, ko ana ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya da ruɗewa, a wuce asibiti nan take. Lokacin rani lokacin sanƙarau ne, kada a ce mura ce a zauna.

Ni dai bana tun kafin iska ta kaɗa na sayi takunkumi na kuma daina kunna maganin sauro taga a rufe.