Kauri, Nauyi da Yauƙi: Halayen Abubuwa Masu Gudana a Bakin Bahaushe

Malamin da ya tashi koyar da kimiyya da Hausa yakan tarar cewa duk wani abu mai gudana, ko mai ne, ko zuma, ko nono, da sunan ruwa ake siffanta shi, a ce mai ruwa-ruwa. Amma wajen bayyana halayen waɗannan abubuwa harshen yana da wadata. Manufar wannan maƙala ita ce a rarrabe kalmomi uku da akan cakuɗa a aji, watau kauri da nauyi da yauƙi.

Kauri shi ne turjiyar da abu kan yi wa kwarara. Zuma tana da kauri don ƙwayoyinta suna riƙe juna, ba sa zamewa da sauri. Zafi kan sassauta wannan riƙo, shi ya sa man gyaɗa kan tsinke a cikin kasko. Koko kuwa yakan yi kauri idan an zuba tafasasshen ruwa, amma dalilinsa dabam ne: ƙwayoyin gasara ne ke shan ruwan su kumbura.

Nauyi, a nan, shi ne abin da mudu ɗaya na abu zai ɗauka a kan ma'auni idan an gwada shi da mudu ɗaya na wani. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kimanin giram 910, ta zuma wajen kilo 1.4, ta zaiba kuwa kilo 13.6. Ɗalibi yakan ɗauka duk mai kauri shi ne mai nauyi, to amma ba haka abin yake ba. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, duk da haka shi ke tasowa bisa miya, saboda ruwa ya fi shi nauyi. Zaiba kuma tana gudu kusan kamar ruwa, alhali ƙusar ƙarfe ba ta nutsewa a cikinta.

Yauƙi shi ne halin miyar kuɓewa da karkashi da lalo. Waɗannan tsirrai suna sakin wasu ƙwayoyi dogaye masu kama da zare, waɗanda kan sarƙe da juna a cikin ruwa. Idan an ɗaga ludayi sai miyar ta miƙe, in ta tsinke kuma ta ja da baya kamar roba. Ana iya samun miyar da ba ta da kauri sosai, amma ga yauƙi.

Ashe ke nan mace a madafi ta riga ta raba halayen da masanan kimiyya suka raba a ɗakin gwaji. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi da marubuta littattafan makaranta su tsayar da kowace kalma a kan ma'ana ɗaya. Idan aka bar kauri ya ci gonar nauyi, yaro zai haddace darasi, amma ba zai iya faɗin abin da ya sa mai ke hawa kan ruwa ba.