Ɗan rubutun umurni na gina rumbun bayanai na gwaji

Mai tsara manhaja ba ya gwaji a kan rumbun bayanai (base de données) wanda ma'aikata ke aiki da shi. Yana riƙe da wani na gwaji a na'urarsa, wanda zai iya rushewa ya sake ginawa sau goma a yini. A nan za mu duba ɗan rubutun da ke yi masa wannan aiki da umurni guda, tare da misalin PostgreSQL.

Rubutun yana kiran dropdb ya share tsohon rumbu, createdb ya buɗe sabo, sannan psql ya karanta fayil biyu: na farko ya kafa teburori, na biyu ya zuba bayanan gwaji. Wannan zubi shi ake kira shuka. Sai an kula da jeri: teburin ɗalibai na gaba da na sakamakon jarrabawa, tunda kowane sakamako yana nuni ga ɗalibi. In ba a hana shi ba, psql yakan wuce kuskure ya ci gaba, ya bar rumbu rabi da rabi. Shi ya sa ake kunna ON_ERROR_STOP, a haɗa da --single-transaction, ta yadda ko duka su shiga, ko kome ya koma yadda yake.

Irin da za a shuka ya zama ƙirƙirarre, kada a kwafo sunayen mutane na gaske. A ganinmu ya kamata a sa kalmomi masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In rumbun bai karɓi UTF-8 daidai ba, nan take za a gani.

Haɗarin kuwa shi ne, umurnin sharewa bai san rumbun gwaji da na aiki ba. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan GitLab ya share bayanan babban rumbun kamfanin, yana zaton a kan na'ura ta biyu yake. An yi asarar bayanan kimanin awa 6. Tun 2016, Rails 5 ya ƙi rushe rumbun aiki sai an tilasta masa. Don haka layin farko na rubutunmu ya duba sunan na'ura da na rumbu, ya tsaya in ba na gwaji ba ne. Ranar kai aiki babbar na'ura, fayil ɗin teburori kaɗai ke tafiya. Dropdb da irin gwaji suna zama gida.