Tsofaffin Fayiloli da Haɗarin Ƙaura Daga Kwamfuta Zuwa Kwamfuta

Kundayen digiri da rubuce-rubucen malamai da dama da aka buga a kwamfuta a shekarun 1980 da 1990 suna nan kwance a faifan fulofi cikin akwatuna. Masu su suna ganin ranar da buƙata ta taso, kwafa kawai za a yi zuwa sabuwar na'ura. Sai dai kwafa ba ta isa ba, domin kowace kwamfuta da yadda take gane nau'in fayil.

A tsarin MS-DOS, sunan fayil ba ya wuce haruffa takwas, sai ɗigo, sai haruffa uku da ke nuna nau'insa, kamar TXT ko DOC. Ita kuwa Macintosh, wadda kamfanin Apple ya fitar a 1984, a wancan zamanin ɓoye shaidar take yi cikin alamomi biyu masu haruffa huɗu-huɗu: ɗaya ta nau'in fayil, ɗaya ta manhajar da ta samar da shi. Takardar Microsoft Word ta wancan zamanin, alal misali, tana ɗauke da WDBN da MSWD. Da zarar an kai ta DOS kai tsaye, sai alamomin su zube a hanya, ta koma tamkar baƙon da ya yar da takardun shaidarsa. Wannan ne ya sa aka samar da MacBinary a 1985, don a ƙunshe fayil tare da shaidarsa kafin tafiya.

Wasu sukan sauya haruffa ukun nan na ƙarshe su ɗauka sun juya fayil. Ai sauya wa tuwo suna ba ya mai da shi shinkafa. Manhajar WordStar takan yi wa harafin ƙarshe na kalma wata alama ta ciki, saboda haka in aka buɗe fayilinta a matsayin rubutu zalla, sai a ga kalmomi sun gurgunce.

Rubutun Hausa yana da ƙarin tasa matsalar. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an riƙa samar da ɓ da ɗ da ƙ ta hanyar zanen haruffa na musamman da ke aron gurbin wasu alamomi. In fayil ya yi ƙaura ba tare da zanen ba, sai haruffa masu ƙugiya su rikiɗe, «ƙasa» ta zama abin da ba ya karantuwa.

Don haka ya kamata ɗakunan karatu na jami'o'inmu su tashi tun faifan ba su gama lalacewa ba. A ɗauki cikakken kwafin kowane faifai a adana shi yadda yake. A rubuta sunan na'ura da manhajar da aka yi aikin da su. Sannan a juya kwafi na biyu zuwa rubutun Unicode ko PDF, a sa wanda ya san harshen ya karanta da idonsa. Duk kundin da ya daina buɗuwa, shekarun binciken wani ne suka salwanta.